Inda Katako Ya Ƙare

Ezra Bullimore ba ya hawa tarakta sai ya fara dafa ta. Zai zo mata ta gefen hagu, ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin inji, ya ɗan bubbuga yana wata magana ƙasa-ƙasa, kana ya taka sarƙar ƙafarta ya hau. Haka ake yi wa doki don kada ya firgita, shi kuwa Ezra a cikin dawaki ya tashi. Mutanen Skelby sun yi wa abin dariya har suka gaji, suka ƙyale shi.

Skelby ba ta da tashar jiragen ruwa. Abin da take da shi gaɓa ce shimfiɗaɗɗiya, da wata kafa tsakanin tuddan yashi wadda ake kira Ƙofa. A bakin Ƙofar aka gina ɗakin jirgin ceto, jirgin na zaune a ciki bisa amalankensa. Idan aka harba roka, alamar wani jirgi na cikin haɗari, masunta su yar da abin da ke hannunsu su rugo, amma gudunsu ba ya amfana komai sai an kai jirgin inda ruwa zai ɗauke shi. In teku ta janye, tafiya ce mai nisa.

A zamanin Jethro, mahaifin Ezra, dawakin gona ne ke wannan aiki. Da an ji roka sai a kwance su daga garma, a zo da su a guje, a ɗaura su a amalanke, su ja shi har ruwa ya kai musu ƙirji. Jethro ne ke riƙe da linzamin na gaba. Yana da hanyarsa: ya fita Ƙofa, ya waiwaya, ya daidaita hasumiyar coci da bututun hayaƙin tsohon gidan gasa tubali, ya miƙe a kan wannan layi har ruwa. Hanyar dawaki ake ce mata. Kowa a garin ya san ta, kowa kuma ya yarda cewa nan ne ƙasa take da ƙarfi tun kaka da kakanni.

Da dawaki suka yi ƙaranci a gonaki, ƙungiyar ceto ta aiko da tarakta. Wata irin ƙatuwa ce mai tafiya a kan sarƙa, an toshe mata duk wata kafa don kada ruwa ya shiga inji, an ɗaga mata bututun shaƙar iska sama da kan direba. Tana tura amalanke daga baya har cikin raƙuman ruwa, in jirgi ya dawo kuma ta jawo shi da igiyar ƙarfe ta mayar da shi mazauninsa. Jethro ya je ya zagaya ta, ya tofar da yawu, ya koma gida. Aka ba ɗansa tuƙinta, don shi kaɗai ne a garin ya taɓa taɓa inji.

Ezra ba mutumin teku ba ne, bai kuwa taɓa cewa shi ne ba. Duk tsawon shekarunsa bai shiga jirgin da yake turawa ba. Sarkin jirgin, Obadiah Grice, wanda ake yi wa laƙabi da Ƙaguwa saboda yadda yake tafiya a karkace, ba ya barin wannan ta wuce. Yana can sama a bakin sitiyari, ana kutsawa cikin ruwa, sai ya leƙo ya ce, "Manomi, yau ma ba za ka hau mu nuna maka inda kifi ke kwana ba?"

"Je ka dai, Ƙaguwa," in ji Ezra. "In ka gama yawonka ni zan goyo ka gida."

Su tafi, shi ya tsaya. Al'adar masu turawa ce ba sa barin gaɓa sai jirgi ya dawo, ko wuni zai yi. Matarsa Maud, wadda ƙanenta ke cikin ma'aikatan jirgin, takan kawo masa shayi da burodi da cuku, ta tsaya a inuwar tarakta tana faɗin laifin kowa a garin. Bayan an jawo jirgi, ma'aikatansa sun wuce mashaya ana dafa musu kafaɗa, Ezra na nan da tiyo yana wanke gishiri daga kowace gaɓar sarƙa da ruwan daɗi, yana cusa man giris. Ba a cika ambaton sunansa ba in ana ba da labarin ceto. Bai nuna ya damu ba.

Haka aka yi shekaru, Jethro ya rasu, har shekarar babbar ambaliya. A wannan hunturu teku ta fasa tuddai, ta shiga gidaje, da za ta koma kuma ta kwashe yashin gaɓa ta tafi da shi. Aka wayi gari ana ganin shuɗin yumɓu a fili da kututturan wasu itatuwa da babu mai rai da ya san da su. Bayan 'yan makonni yashi ya dawo ya rufe komai. Gaɓa ta koma fes kamar dā. Mutane suka ce Allah ya gyara abinsa, suka koma kwasar laka daga ɗakunansu.

Wata safiya ana tsakiyar wannan aiki aka harba roka. Wani ƙaramin jirgin dakon kwal ne ya hau tudun yashi can ciki, iskar arewa na dukansa. Teku ta janye sosai, tana shirin dawowa. Ezra ya dafa taraktarsa ya hau, ya fito Ƙofa, ya waiwaya, ya daidaita hasumiya da bututu kamar yadda ya saba, ya miƙe.

Sun wuce rabi sai ya ji bayan taraktar ya yi nauyi. Ya ƙara mata wuta, ta amsa. Ya sake ƙarawa, ta sake amsawa, sarƙarta na juyawa tana tono, tana watso shuɗin yumɓu sama. Yashin da ya dawo ashe bai fi kaurin burodi ba. Kafin ya ankara ta zauna har ciki, amalanke ya karkace a gabanta, ruwa kuma ya fara zagayo su ta cikin kwaruruka.

Duk garin ya sauko, maza da mata. Aka kwance amalanke, aka ɗaura igiyoyi, aka jawo shi baya da ƙarfin kafaɗa, ana zamewa ana tashi, har aka tsirar da jirgin. Taraktar kam ba ta motsa ba. Ezra na kanta yana gwada gaba yana gwada baya, ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai masa ƙugu. Sai da Grice ya kutso ya kama wuyan rigarsa ya finciko shi. Da rana ta yi tsaka bututun shaƙar iska kaɗai ake hange. Can jimawa shi ma ya ɓace.

Jirgin ceton garin tasha da ke kudu shi ya je, bayan ya sha doguwar tafiya yana fuskantar iska. Ya kwaso mutanen jirgin kwal duka, ban da mai dafa musu abinci, wanda teku ta riga ta tafi da shi.

Babu wanda ya zargi Ezra. A mashaya an yi ta cewa ai hanyar dawaki ya bi, kowa ma ita zai bi, laifin ambaliya ne. Shi bai je mashayar ba. Ya yi kwanaki yana zuwa gona yana dawowa, yana cin abinci kamar an sa shi dole. Wata rana Maud na ɓare ƙaguwa a bakin murhu sai ya fara ba ta labarin wata goɗiya mai suna Bonny, wadda ke gaba a dawakin mahaifinsa. Ya ce yana yaro ya sha ganin ta ta cije a tsakiyar gaɓa, ta ƙi gaba, tsoho ya zage ta, ya bar ta ta ɗan ratse dama ko hagu, a wuce. Kusan kowace fita sai ta yi haka. A dawo kuma a ce hanyar dawaki aka bi.

"To, sai me?" in ji Maud.

"Babu wata hanya, Maud. Bonny ce hanyar. Mu muna kallon coci, ita tana jin ƙasa. Ita tarakta kuwa ba ta san ƙi ba. Duk inda na ce ta je, za ta je."

Maud ta ci gaba da ɓarar ƙaguwarta. Can ta ce masa shayinsa ya huce.

Aka samo manyan motoci aka ciro taraktar bayan teku ta yi kwanaki tana yi mata wanka, aka tafi da ita gyara. Sannan sufeton ƙungiya ya zo, wani tsohon hafsan ruwa mai suna Kwamanda Lacey, mutum mai sanyin magana wanda ya san gaɓar nan tun Ezra na saurayi. Ya bi gaɓa da sandar ƙarfe yana sokawa, ya dawo ya tara kwamitin gari a ɗakin jirgi. Bai ɗora wa kowa laifi ba. Ya ce dai jirgin da ba ya isa ruwa ba jirgin ceto ba ne, kuma akwai garuruwan da ke roƙon a ba su irinsa. Za a aiko musu da taraktar aro. Zai dawo da kaka, kafin jiragen kamun kifi su cika tekun, ya zaɓi lokacin da ya ga dama a gwada. In an kasa, za a mayar da jirgin garin tasha, a rufe ɗakin.

Kowa a wurin ya san abin da wannan ke nufi. Mazan Skelby a ƙananan kwale-kwale suke fita, tuddan yashi kuma a bakin ƙofarsu suke. Daga garin tasha zuwa nan, an riga an ga tsawon tafiyar.

Ezra na tsaye can baya kusa da ƙofa, hularsa a hannu. Ya ce, "Yallaɓai, in ƙasa ta ƙi, a yi mata shimfiɗa."

Sufeto ya tambaye shi da me. Ezra ya ce an rufe ƙaramin layin dogon da ke bi ta bayan gari, ana ciccire shi, katakon da ke ƙarƙashin ƙarafan yana nan jibge ba mai so. A jera shi daga Ƙofa har bakin ruwa, faɗin tarakta. Sufeto ya ce ba a taɓa yi ba a irin wannan gaɓa, ƙungiya ba za ta sa hannu ba, amma ba zai hana ba. Grice ya ce Manomi na son ya yi wa teku kunya-kunya ya shuka mata dankali. Aka ɗan yi dariya, wadda rabon da a yi irinta a ɗakin tun kafin ambaliya.

Ya fara shi kaɗai, da keken dokin mai gonar da yake wa aiki. Aikin ba ya yiwuwa sai teku ta janye, ita kuwa ba ta duba lokacin shuka ko na coci. Yakan tashi daga gona ya zo ya jera abin da ya samu, ruwa ya koro shi. Ranar Asabar wasu masunta suka taya shi, suka shimfiɗa mai tsawo, suka danne da duwatsu, suka tsaya suna kallon abinsu da jin daɗi. Ranar Litinin iska ta juya. Da safe babu ko guda. Katako dai katako ne, ruwa ya ɗaga shi kamar tsinke, ya tafi da shi kudu ya zube a gaɓar Wexby, garin da ke maƙwabtaka da su.

Mutanen Wexby kuwa ba su yi wata-wata ba. Dokar gaɓa tun fil'azal ita ce abin da teku ta kawo na wanda ya tsinta ne, Skelby ma da wannan doka ta yi rufin rabin rumbunanta. Kafin azahar katakon Ezra ya shige bayan gidaje, an fara auna shi da zarto. Ezra ya je ya tsaya a bakin mashayarsu, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Suka ba shi kujera, suka saya masa abin sha, suka yi masa jaje, suka ce su ba su ga wani katako ba. Ya dawo hannu rabbana.

Washegari Maud ta ɗaura gyalenta ta tafi. Ba ta bi ta kan maza ba. Ta shiga gidan wata Ivy Dyball da suka yi makaranta tare, ta tarar da katako uku a ajiye a bayan ɗakin girki, ta zauna a kan ɗaya ta sha shayin da aka ba ta. Da ta gama ta ce, "Ki ƙona abinki, Ivy, zai yi ɗumi, kwalta gare shi. Ranar da Stanley ɗinki ya maƙale a kan tudu sai ki aika masa da tokar."

Kafin mako ya zagayo keken doki ya fara shigowa daga Wexby. Ba duka aka dawo da shi ba. Wani ya riga ya zama ƙofar akurkin kaji, Ezra bai tambaya ba.

Sai ya sauya dabara. Kowane katako ya huda shi gefe da gefe, ya zura sarƙa ta ɗaure shi da na kusa, ya kafa dogayen turakun ƙarfe har cikin yumɓu, ya cika tsakani da tsakuwa. Abin da a dā yake yi a yini ɗaya ya koma na mako. Maƙerin gari ya gaji da ganinsa. Hannuwansa suka tsattsage da gishiri da kwalta, Maud na shafa musu kitse tana faɗa. Teku ta ci gaba da gwada shi: ta ɓalle nan, ta binne can, ta tone ƙarƙashin wani wuri ta bar katako na lilo. Ya dawo ya gyara. Masunta suna zuwa in kamun ƙaguwa ya bar su. Grice na zuwa kullum, wai don ya ga ranar da Manomi zai haƙura, amma guduma ba ta barin hannunsa.

Bazara ta wuce, aka yi girbi. Hanya ta miƙe baƙa wuluk daga Ƙofa, ta haye wurin da tarakta ta nutse, ta kai inda ruwa ke tsayawa a yawancin ranaku. Amma a tsayuwar wata da cikarsa teku kan janye fiye da haka, ta bar wani fili mai sheƙi tsakanin bakin katako da ruwa. Wannan fili ba ya buɗewa sai na ɗan lokaci, ba a kai ga kafa turke biyu ruwa ya dawo. Nan aikin ya tsaya lokacin da Kwamanda Lacey ya iso.

Ba wawa ba ne, ya san wata. Ya zaɓi safiyar da teku ta fi janyewa.

Aka harba roka, gari ya fito. Ezra ya hau taraktar aro, ya tura amalanke ya hau katako. Hanyar ta yi ƙara, ta ɗan lotsa, ta riƙe. Mutane na biye a gefe suna tafiya da sauri, sufeto a cikinsu da agogonsa a hannu. Aka wuce rabi, aka wuce ramin da kowa ke tunawa, wasu mata suka fara tafi. Da ƙafafun amalanke na gaba suka kai katako na ƙarshe, Ezra ya tsaya. Ruwa na can gaba, kamar jifan dutse. Tsakani yashi ne sumul, mai kyan gani.

Grice ya leƙo daga sama ya yi masa hannu ya taho. Ezra bai motsa ba. Grice ya ce ai jiya ya taka wurin da ƙafarsa, ƙasa ce kamar dutse, taku kaɗan ya rage, ya tura kawai. Ma'aikatan jirgi suka sa baki. Ƙanen Maud ya ce masa don Allah, yaya, kada ka kashe mu a bakin gaɓa. Daga baya wani ya ce tsoro ne ya kama shi tun ranar nan, a sauke shi wani ya hau.

Grice ya diro, ya zo gindin taraktar, ya rage murya don kada sufeto ya ji. "Ezra, mutumin nan agogo yake kallo. Wata shida muna fasa ƙugu. A nan za ka zubar mana da jirgi?"

"Nan katako ya ƙare, Obadiah."

"Na ce maka na taka wurin."

"Kai nawa ne nauyinka?" in ji Ezra. Ya sassauta inji, ya naɗe hannuwansa. "Ruwa zai zo. Bai taɓa fasawa ba."

Aka tsaya. Irin tsayuwar nan ce da ba mai son kallon idon wani. Sufeto ya mayar da agogo aljihu, ya sake ciro shi. Maud ta zo ta tsaya a gefen sarƙar tarakta, ta juya wa jama'a baya, ba ta ce kome ba, wanda kuwa duk garin ba a taɓa gani ba. Sannu a hankali ruwa ya juyo, ya lashi yashin nan mai sheƙi, ya shiga tsakanin katako, ya hau ƙafafun amalanke. Ezra ya jira har raƙumin ruwa ya fara ɗaga gaban jirgin, sannan ya ɗaga hannu. Aka saki ƙugiyoyi, jirgi ya zame ya shiga teku. Grice bai leƙo ya yi tsokanar da ya saba ba.

Suka yi zagayensu suka dawo, Ezra ya jawo su da igiyar ƙarfe, ya ɗora jirgi a amalanke, ya hau da shi Ƙofa. Yana cikin wanke sarƙa sufeto ya zo ya tsaya a kansa. Ya ce da a ce jirgi ne ke nutsewa a kan tudu, wannan jiran da aka yi zai iya cin rai. Ezra ya ce haka ne, yallaɓai. Sufeto ya tambaye shi ko ya tabbata wurin ba zai ɗauki tarakta ba. Ezra ya ce bai tabbata ba, mai yiwuwa ma ya ɗauka, shi dai bai sani ba ne, kuma ya taɓa tura ta inda bai sani ba.

Sufeto ya daɗe yana kallon gaɓa. Da yamma ya gaya wa kwamiti cewa jirgi zai zauna shekara guda. Kowace kaka zai dawo ya duba. Ranar da katako ya kai ƙarshen janyewar ruwa, a daina maganar. Kafin nan, magana tana nan a buɗe.

Grice ya yi makonni ba ya yi wa Ezra magana. Har ya mutu yana cewa wurin nan da ya ɗauke su, kuma ba wanda zai iya cewa ƙarya yake. Amma da wata ya tsaya, teku ta janye, aka gan shi ya sauko a karkace da gudumarsa.

Daga nan rayuwar Ezra ta koma bin wata. Sauran filin ba shi da tsawo a ido, sai dai teku ba ta ba da shi sai kaɗan-kaɗan, abin da ta bayar da bazara kuma takan karɓi rabinsa da hunturu. Wata shekara a ci gaba da katako goma, wata shekara a koma baya. Ga kuma ta sama da ke ruɓewa tana neman canji. Kwamanda Lacey ya yi ta zuwa, ya auna da ido, ya ce shekara guda. Ya yi ritaya, wani ya gaje shi, shi ma ya gaji maganar. A cikin waɗannan shekaru jirgin Skelby ya fita sau da yawa ta kan katakon nan. Ya ɗauko mutanen ƙasar Holan, ya ɗauko masu yawon shaƙatawa da ba su san tudu ba, ya ɗauko Stanley Dyball na Wexby da ɗansa daga kan kifaffen kwale-kwale. Ivy ta aiko wa Maud da kek, ba ta haɗa da saƙo ba.

Sau biyu ko uku roka ta tashi a daidai ƙarshen janyewar ruwa. Ezra ya kai bakin katako ya tsaya, aka jira. Ba a rasa kowa ba a waɗannan ranaku. Amma wanda ya ga fuskarsa yana zaune a kan tarakta, hannu a naɗe, ido a kan tudu, ya san abin da jiran yake ci masa.

Da shekarunsa suka kai, ƙungiya ta karɓi tuƙi ta ba wani magidanci mai gyaran motoci, aka ba Ezra agogon bango da takardar yabo. Maud ta rataye agogon. Shi kuwa washegari ya sauka gaɓa, don hanyar ba ta ƙungiya ba ce balle a karɓe ta. Ƙafafunsa sun fara ciwo, ba ya iya ɗaga katako, sai ya koma hudawa da shafa kwalta a bakin Ƙofa, ya tanadi komai kafin ranar da teku za ta ba da fili, masu ƙarfi su kai. Maud takan ce masa ya bar wa masu jini a jika, ya yi nasa. Yakan ce saura kaɗan. Ta ce tun gashinta na baƙi take jin saura kaɗan.

A hunturunsa na ƙarshe teku ta yi sauƙi, ba ta ɓalle ko ɗaya ba. Ezra ya lissafa cewa in janyewar watan Maris ta zo da iskar da ke busowa daga gari zuwa teku, za a iya kaiwa. Ya sa aka kawo katakon da ya rage daga tsohuwar tashar jirgin ƙasa, aka jibge a bakin Ƙofa. Ya shafe su duka da kwalta, ya bi su da alli yana sa alamar inda za a huda. Sanyi ya kama masa ƙirji a watan Fabrairu. Ya yi mako guda a kwance yana tambayar Maud ina iska ta fuskanta. Aka binne shi a bayan coci, ma'aikatan jirgi suka ɗauki akwatinsa.

Da aka koma bakin Ƙofa aka tarar ya huda fiye da rabi, ya jera su gefe guda da sarƙoƙinsu. Sauran suna nan da alamun alli. A kan na sama mahudinsa na tsaye, ya shiga katako rabi, garin itace ya taru a gindinsa ya jiƙe da raɓa. Wata kuwa saura kwana kaɗan ya tsaya.